Kakan da Na Samo a Murfin Adaka

Tun farko ina so a sani, ni ba maƙaryaci ba ne. Maƙaryaci shi ne wanda ya san gaskiya ya ɓoye ta. Ni kuwa ban taɓa haɗuwa da ita ba, sai ranar da ta zo ta same ni a bainar jama'a ina sanye da sabuwar riga. Saboda haka masu wucewa ta ƙofar shagona suna dafe ciki suna cewa a taimaka musu da cokali ɗaya, na bar su da Allah.

Sana'ata ɗaukar hoto. Shagona yana tsakiyar layinmu, jikin shagon Tela. Ina da labule mai zanen jirgin sama, da kujera mai hannu, da furen roba da ya shiga hotunan aure fiye da kowane waliyyi a garin nan. Tun da waya ta mai da kowa mai hoto, sai ɗan fasfo nake samu, amma ban yarda na lalace ba. Kullum gashina baƙi wuluk, kuma ba ruwan kowa da yadda yake yin baƙin. Akwai wani tabarau da likita ya rubuta mini bayan uwargida ta ja ni asibiti kamar rago, amma yana cikin aljihun tebur. Fuska irin tawa ba a sa mata taga. In wani ya dawo da hoto yana ƙorafin ya fito dishi-dishi, sai in ce masa, "Malam, haka fuskarka take, mu ne dai muke haƙuri da ita."

Ana nan sai hukumar gari ta zuba wa layinmu kwalta, ta kuma turo wani kwamiti. Sakataren kwamitin, wani gajere mai yawan share zufa, ya tara mu a gindin bishiyar da ke bakin layi ya ce za a kafa allo, za a sa wa layin sunan wanda ya fara zama a wurin. Duk wanda ya san kakansa ne, ya kawo hujja.

Kafin ya rufe baki Tela ya miƙe, tef ɗin awo rataye a wuya. "An gama magana. Bishiyar nan da kuke shan inuwarta kakana ne ya dasa ta."

Na ce, "Maƙwabci, kakanka ya dasa bishiya, to a ƙasar wa ya dasa?"

"A ƙasar Allah."

"Wa ya nuna masa wurin?"

"Kai dai kakanka ba a taɓa jin ya dasa ko barkono ba."

"Masu gari ba sa dashe, Tela. Sa wa suke a dasa."

Aka yi dariya, kuma ni aka yi wa ita ta alheri. Amma da na koma shago sai na zauna na yi tagumi. Shekara da shekaru muna gaba da Tela a kan komai, daga wa zai share kwata zuwa rediyon wa ya fi ƙara. In har aka kafa allo da sunan kakansa a ƙofar shagona, in riƙa rubuta shi a bayan kowane hoto a matsayin adireshina, to gara in tattara labulena in bar garin. Ni kuwa na daɗe ina ji a jikina mu ne asalin wurin nan. Ba wanda ya gaya mini. Dubi hancina kawai. Dubi yadda nake tafiya. Baƙo ba ya tafiya haka.

Abin da ya rage hujja.

A gidanmu akwai Goggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a tsofaffinmu. A ɗakinta akwai tsohuwar adakar ƙarfe ta kakana, da take ajiye barguna a ciki. Na shiga na gaishe ta, na buɗe adakar, na kwashe barguna, ban ga komai ba sai ƙwayoyin kafur. Har zan rufe, sai idona ya faɗa kan cikin murfin. Wata 'yar takarda ce manne, ba ta fi tafin hannu ba, ta yi ja saboda tsatsa da tsufa. Na jawo adakar bakin taga.

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Wani ƙasaitaccen mutum ne, da gemu, da gashin baki murɗaɗɗe, da doguwar riga har ƙasa. A hannunsa na dama mashi, ya ɗaga shi sama. A na hagu wata 'yar gora, wadda duk mai hankali ya san ta asiri ce. Ƙarƙashin ƙafarsa kuwa ga wata ƙatuwar mesa ta nannaɗe, ya take mata kai. A can ƙasa akwai wasu layukan rubutu da suka dushe. Kirari ne, ba shakka.

Goggo ta ce, "Tulu, me kake kankara a adakar mutane?"

Tulu take kirana tun ina yaro. Na daɗe ina gaya wa 'ya'yana saboda cikar hankalina ne.

Na ce, "Tarihi, Goggo."

"In ka ɓare takardar nan kyankyasai za su shiga mini barguna. Rami ne a wurin. Zauna ma in ba ka labarinta."

To, duk wanda ya san Goggo ya san labarinta ba ya farawa daga farko. Sai ta fara da shekarar da aka yi farin ɗango, ta bi ta kan wata maƙwabciya da ta ara mata turmi ba ta dawo da shi ba. Mai neman sunan layi ba shi da wannan lokacin. Na ƙarasa ɓare takardar, na ce mata sai na dawo, na fice. Ina jin ta tana ƙwala mini kira in zo in liƙe mata ramin.

Uwargida na fara nuna wa. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta ƙura ido.

"Maigida, kamar na san fuskar nan."

"Yaya ba za ki san ta ba, kullum da ita kike tashi?"

"A'a, ba kai ba. Wani wuri dai na san ta. Har wani ɗaci-ɗaci na ji a bakina."

"Kwarjini ne. Haka yake yi wa wanda bai saba ba."

Daga nan duk dattijon da na nuna wa, abu ɗaya yake faɗa: ya san fuskar nan, amma ya rasa a ina. Mai nama ya san ta. Tsohon direba ya san ta. Wane irin mutum ne gari duka zai san fuskarsa bayan ya daɗe da mutuwa, in ba wanda ya kafa garin ba?

Matsala ɗaya na samu, kuma da kuɗina na sayo ta. 'Yata ta fari tana jami'a, kuma a duk karatun duniya ba ta ga abin karantawa ba sai tarihi.

Ta ce, "Baba, wa ya ce kakanmu ne?"

"A adakarsa na samu."

"A adakarsa kuma aka samu barguna. Su ma danginmu ne?"

"Ke, ki iya bakinki."

"Yi haƙuri, Baba. Amma a lokacin da kake cewa ya kashe mesar, wa ya ɗauki hoton? Akwai mai hoto a dajin?"

Na ce, "Sana'ar nan gado ce, 'yar nan. Ƙila ƙaninsa ne."

"Kuma ni dai na lura, duk garin da aka ce wani ya kafa, sai an kashe maciji. Ba a taɓa kafa gari an kashe sauro ba. Ba ni in duba rubutun ƙasan nan da madubin ƙara girma."

Na ɗauke hotona na kulle a aljihun tebur, kusa da tabarau. Wanda bai yi imani ba, ba a ba shi abin tsarki ya taɓa.

Amma maganarta ta nuna mini abu ɗaya: hoto shi kaɗai ba ya magana, sai an ɗan taimaka masa. Na rufe shago da rana tsaka, na shiga ɗakin wanke hoto, na kifa bokiti a kaina don murya ta yi amo, na danna ɗaukar murya a waya. Na gabatar da kaina a matsayin wani masanin tarihi da ba ya son a ambaci sunansa. Na bayyana yadda wurin nan yake dajin da ko tsuntsu ba ya ratsawa, da yadda mesa ta hana kowa zama, da yadda wani jarumi, kakan wani fitaccen mai hoto, ya zo da mashi ya gama da ita. Ba ƙarya na yi ba, abin da ke cikin hoton na fassara. Na tura wa mai nama, na ce wani ne ya turo mini.

Ba a yi mako ba saƙon ya dawo mini daga wani ɗan uwan uwargida da ke wata ƙasa. Amma ba muryata ba ce. Wani ne daban, mai murya kamar ta mai karanta labarai, har da kiɗa a baya. Ya ce mesar kawuna biyu gare ta. Ya ce jarumin a kan farin doki ya zo. Ya ce fatar mesar tana nan a wani gidan tarihi a ƙasar waje, an ɓoye ta don kada mu san darajarmu.

Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na kira 'yata na kunna mata.

"To, malamar tarihi, ga masana sun tabbatar."

"Baba, ai labarinka ne. Na ji na farkon, har tarin da kake yi yana ciki, da ƙarar bokiti."

"Na ji, ni na fara. Amma doki fa? Ni na ce doki? Wa ya gaya musu na dokin in ba bincike suka yi ba?"

Ta dube ni, ta dubi uwarta, ta ɗauki jakarta ta fita. Hujja ta fi ƙarfinta.

Daga nan dangi suka fara tsirowa. Mai nama ya tuna kakarsa ƙanwar jarumin ce. Tsohon direba ya ce shi ta wajen dokin suke da alaƙa, kakansa ne mai yi masa ciyawa. Kowa ya zo sai ya kira ni Yaya, ya zauna a kujera mai hannu, a ɗauke shi fasfo na zumunci, ya tafi ba tare da ya taɓa aljihu ba. Ban damu ba. Babban gida ba ya rasa masu ci.

Sai ga Tela da kansa, da safe, da sallama har da rusunawa.

"Ɗan uwa."

"Yaushe?"

"Jiya na yi bincike. Ashe kakata 'yarsa ce. Bishiyar ma shi ya sa surukinsa ya dasa, kamar yadda ka faɗa."

Na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma ita ce 'yar fari. Ka ga ke nan ni ne babba a gidan."

"Tela, da ɗinki aka san ka, yanzu har dangantaka kake yankawa ka haɗa?"

"Kai da ka wanke kaka a ɗakin duhu?"

Sakatare ya raba mu. Ya ce tun da layi duka ya yarda da mutum ɗaya, kuma shi ma matarsa ta turo masa saƙon, to za a yi taro a bakin bishiya. A kawo hoton a buɗe, a ji daga bakin mafi tsufa a gidan, sannan kwamiti ya sa hannu a rubuta allo. Igiyar buɗe hoton kuwa, ni da Tela mu ja tare.

Na ce ba zan kai wa jama'a kakana kamar tambarin wasiƙa ba. Na ɗauki takardar na kai wa mai buga manyan fostoci a cikin gari, na ce ina so ya fito da tsayin bango. Ya ce yana da sabuwar kwamfuta mai wanke tsohon hoto, ta cire tsatsa, ta dawo da duk abin da ya dushe. Na ce ta wanke shi tas.

Ina tsaye a shagon Tela yana gwada ni, don na ba shi yadi ya ɗinka mini riga irin ta jarumin, sai wayata ta yi ƙara. Mai fosta ne.

"Ranka ya daɗe, hoton nan ya fito. Amma ka tabbata shi kake so?"

"Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Sai dai rubutun ƙasan nan, in cire?"

"Ka cire kirarin kakana? Kai wane irin mutum ne? Ƙara masa girma ma, yadda na bayan taro zai gani."

"To, ko za ka zo ka duba..."

"Malam, ni na haifi sana'ar hoto a garin nan. Naɗe shi ka aiko."

Ya aiko shi a naɗe. A naɗe aka rataye shi jikin bangon da ke fuskantar bishiya, aka ɗaure da igiya. Ban buɗe ba, don kada Tela ya leƙa ya je ya ce hancin irin nasu ne.

Ranar taro da sassafe na fita duba rumfa. An yi ruwa da asuba, tantin ya ɗan yi ciki. A daidai inda za a jera kujerun manya, akwai wata dattijuwa mai sayar da kayan miya, ita da jikokinta, da tirensu na tumatir da albasa. Tun ina yaro a nan nake ganin gidansu, wani ɗan tsohon gini a bayan bishiya.

Na ce, "Iya, yau dai a matsa baya. Nan wurin 'yan asali ne. Ku baƙi sai ku tsaya daga can, za ku ji komai ta lasifika."

Ta dube ni tun daga gashi har takalmi. Ta ce, "To, ɗan asali." Suka kwashe tirensu suka koma baya.

Sannan na je karɓar riga. Na sa, ta tsaya mini a gwiwa.

"Tela, ina sauran yadina?"

"Yadin ne ya shiga ruwa ya tsuke."

Sai ga shi ya fito daga bayan labule da riga irin tawa sak, yadi ɗaya, tasa har tana share ƙasa.

"Naka bai tsuke ba?"

"Na babba ba ya tsukewa."

Ba lokacin faɗa. Na ɗauki mashin da na sa mai walda ya ƙera mini, na fita, ƙwaurina a waje, amma da kwarjini.

Layi ya cika. Ga 'yan kwamiti a gaba, ga Goggo an zaunar da ita a kujera mai hannu da na sa aka ɗauko daga shago, ga uwargida da 'yata a gefenta. Aka ba ni makirfo. Na yi gyaran murya, na fara daga dajin da ko tsuntsu ba ya ratsawa. Da na zo wurin da jarumi ya ɗaga mashi, sai jini ya motsa, na ɗaga nawa da ƙarfi. Tsinin ya huda cikin tantin. Duk ruwan asuba da ya taru a wurin ya sauko a kaina.

Na ci gaba da magana, don jarumi ba ya tsayawa saboda ruwa. Amma na ga yara suna nuna ni. Baƙin gashina ne ya kama hanya, ya bi ta goshi, ya ratsa gefen hancin gado, yana ɗiga a kan sabuwar riga.

Mai nama ya ce daga cikin taro, "Yaya, ƙuruciyarka tana zuba!"

Na yi kamar ban ji ba. Na ce, "A buɗe!"

Na kama igiya, Tela ya kama sama da hannuna, na mai da nawa sama da nasa, muka ja. Fosta ta warware, fal, har ƙasa. Ni ban juya ba. Na ba ta baya na fuskanci jama'a, na buɗe ƙirji, don kowa ya gwada fuska da fuska.

Wurin ya yi tsit. Na ce a raina, kwarjini ya kama su.

Sai na ga tsohon direba ya yamutsa fuska ya tofar da yawu. Wata tsohuwa ta dafe ciki ta ce, "Wayyo, shi ne!" Wani dattijo a baya ya ce, "La ilaha illallahu, mugun nan!" Uwargida kuwa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Kun gane shi ko? Ranka ya daɗe Sakatare, karanta wa jama'a kirarin kakana."

Sakatare ya share zufa. "Ka tabbata?"

"Da ƙarfi. A makirfo."

Ya karɓa, ya matsa kusa, ya karanta kalma-kalma kamar mai sanarwar rasuwa: "Maganin tsutsar ciki, na yara da manya. Cokali ɗaya kafin karin kumallo. A girgiza kafin a sha."

Ban taɓa sanin layinmu yana da mutane haka ba sai da suka yi dariya a lokaci ɗaya. Uwargida ta taso, ta buɗe jaka, ta ciro tabarau ɗina, ashe ta ɗauko shi, ta maƙala mini a fuska da hannunta. Ta ce, "Juya, maigida, ku gaisa."

Na juya. Kwamfutar nan, Allah ya isa tsakanina da ita, ta yi aikinta. Mashin cokali ne, ƙato, har da ɗigon magani yana ɗiga. Gorar asiri kwalba ce, da murfinta. Mesar kuwa tsutsa ce, an yi mata idanu, tana kuka.

Na nemi Tela in ga yadda babban gida zai ɗauki abin. Ya riga ya saki igiya, ya koma cikin taro, yana dariya fiye da kowa, da rigar jarumi a jikinsa.

"Tela, ba kakanka ba ne?"

"Ni? Ni tallar ɗinki na fito!"

Da a nan aka tsaya, da na san yadda zan gyara. Amma Sakatare mutum ne mai bin tsari. An ce za a ji daga bakin mafi tsufa, sai ya miƙa wa Goggo makirfo. Kuma ranar, saboda ƙaddara, Goggo ba ta bi ta kan farin ɗango ko turmi ba.

Ta ce, "Na ce wa yaron nan ya zauna in gaya masa, ya ƙi. Takardar jikin kwalba ce, babanmu ya liƙe ramin adaka da ita. Kuma duk layin nan ba wanda ya sha maganin nan kamar Tulu. Cikinsa ya kumbura, ƙafafu kamar tsinke, shi ya sa muke ce masa Tulu. Ni nake danne shi, uwarsa ta toshe masa hanci."

Wani ya ce, "To ya aka yi bai gane mutumin ba?"

"Ina zai gane shi? Da ya hango kwalbar yake runtse ido yana ihu."

Sakatare ya ce, "To Goggo, shi mahaifin naku, a nan aka haife shi?"

"Wa? Baba? A bayan motar gawayi ya zo garin nan, da tabarma da adakar nan. Liƙin bokiti yake yi da gyaran fitila. Kuma mota ɗaya suka hau da kakan wancan mai dariyar." Ta nuna Tela da makirfo. "Tun a hanya suke faɗa a kan wa ya taka wa wani tabarma. Bishiyar nan kuwa a nan suka same ta, a gindinta suka kwana."

Dariyar Tela ta tsaya kamar an ɗauke wuta. Ni kuwa, duk da halin da nake ciki, na ɗan ji sanyi.

Sakatare ya ce, "To wa suka tarar a wurin?"

"Masu wurin mana. Gonar wata mata ce duk nan. Ita ta ba su ruwa, ta ba su abinci, ta yanka musu inda za su kafa bukka, ba ta karɓi komai ba. Baba har ya rasu, in ya wuce ƙofarta sai ya cire takalmi." Goggo ta ɗaga kai tana dube-dube. "Ina jikarta? Kullum a nan take zama da tumatirinta. Wa ya tashe ta?"

Kawai dai mutum ɗari suka juyo suka dube ni, ni da mashina da ƙwaurina.

Ni na ɗauki kujera mai hannu da kaina, bayan Goggo ta ce a mai da ita gida, na ratsa taro na kai wa dattijuwar har baya. Na ce, "Iya, a dawo gaba."

Ta ce, "A'a, ɗan asali, mu baƙi muna ji ta lasifika."

Sai da Goggo ta sa baki kafin a wuce da ita, sannan dattijuwar ta taso. Kwamiti ya tambayi sauran tsofaffi, kowa ya ce haka ne, ya sani, ba a dai tambaye shi ba ne. 'Yata ta zauna gefen dattijuwar da wayarta tana ɗaukar maganarta, har da tambayoyi, ba ta ko dubi mahaifinta da ke ɗiga ba. A ranar aka sa hannu. Allon da ke bakin layinmu yanzu sunan matar nan mai gona ne a jiki, kuma ni nake rubuta shi a bayan kowane hoto. Na duba da tabarau, an rubuta shi daidai.

Dangi sun watse kamar yadda suka tsiro, ba wanda ya dawo biyan fasfo. Tela ya ce shi tun farko ya san ƙarya ce, ya shiga ne don ya ga iya gudun ruwana. Ramin adaka na liƙe shi da hoton wani ango da bai zo karɓa ba. Saƙon muryar kuma har yanzu yana yawo. Kwanan nan ya sake dawo mini, mesar ta kai kawuna bakwai, an kuma ce maƙiya ne suka sauya hoton a wurin bugawa. Na saurara sau biyu. Ba zan ɓoye muku ba, mutumin yana da hujjoji.

Amma ga abin da nake so masu dariya su sani. Ku tare kowane mai mota a garin nan, ku faɗa masa sunan da ke jikin allo, zai ce bai san wurin ba. Ku ce masa layin maganin tsutsa, ba zai tambaye ku komai ba, sai dai ya sauke ku a ƙofar shagona daidai. Aka ce za a sa wa layi sunan mutumin da na kawo, kuma an sa.

Fostar tana nan, na mai da ita labule na biyu, yara suna son a ɗauke su a gabanta. Wani lokaci in ba kowa, sai in sa tabarau in tsaya in dube shi. Ku faɗi duk abin da za ku faɗa. Hancin nan dai namu ne.